Faɗuwar Sukarin Jini Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Maganin Yana Cikin Tukunya

Wannan shi ne jawabin da kwamitin kula da lafiya na ƙungiyarmu ya gabatar a taron ƙarshen wata a nan Sabo, Badun. Mun buga shi ne bisa roƙon waɗanda ba su sami halarta ba.



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ƙara maka lafiya. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa manya da ƙanana, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Jama'a, maganar da muka zo da ita yau, da a ce shekara talatin baya wani ya tashi a wannan zaure ya kawo ta, da dariya za a yi masa. A lokacin, in ɗan kasuwa ya yi jiki sai a ce Allah ya buɗa masa. To, yanzu mun ga abin da ƙibar da ta wuce kima take jawowa: ciwon sukari, hawan jini, ciwon gwiwa, da minshari mai ɗauke numfashi cikin barci. Shi ya sa wasu daga cikinmu, maza da mata, suka je aka yi musu tiyatar rage ƙiba, wasu a Indiya, wasu a Masar ko Turkiyya, wasu kuma nan kusa a Legas. Da yawa sun ji daɗin aikin, mun gani da idonmu. Sai dai akwai wani abu da kan biyo bayan tiyatar ga wasu, wanda ba ya bayyana sai an daɗe da dawowa gida, lokacin da likitan da ya yi aikin yake can wata ƙasa. Wannan abu shi ne faɗuwar sukarin jini bayan cin abinci.

Bari mu ba ku labarin wani ɗan'uwanmu, ba za mu kama suna ba, amma shi ya ba mu izinin faɗa. An yi masa aikin, ya rame, likita ya ɗauke masa maganin ciwon sukari, kowa na yi masa barka. Bayan kamar shekara ɗaya da rabi, ran nan ya je walimar suna da hantsi, ya ci shinkafa, ya bi ta da lemon kwalba. Awa biyu bayan haka yana zaune a shagonsa sai gumi ya keto masa, hannu na karkarwa, magana ta harɗe, har ya kasa gane yaron shagonsa. Nan take wasu suka ce iska ce, wasu suka ce hannu aka sa masa saboda kasuwa, wani ma ya raɗa cewa ko ya fara shaye-shaye ne. Aka kawo kwalbar malta aka ba shi, ya wartsake. Kafin la'asar abin ya sake dawowa. Haka ya yi ta fama wata da watanni, ana ta neman magani a inda babu shi. Ku duba fa, da a ce a kan titin Legas abin ya same shi, hannunsa na kan sitiyari, da yanzu wani labarin ake yi.

Abin da tiyatar take canzawa

Wannan aiki ba sabo ba ne. Wani likitan tiyata mai suna Edward Mason ne ya fara irin na kewaye tumbi a jihar Iowa ta Amurka a 1966, kuma tun daga wajajen 1994 aka shiga yin sa ta 'yan ƙananan huda ba tare da an tsaga ciki ba. Iri biyu ne suka fi yawa a yau. Na farko shi ne na kewaye: a yanki ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, wanda bai wuce girman ƙwan kaza ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin. Na biyu kuma a yanke kamar kashi 80 cikin ɗari na tumbin a fitar, a bar shi siriri kamar ayaba. Faɗuwar sukari ta fi bin aikin farko, amma ana samun ta a na biyun ma. Likitocin asibitin Mayo na Amurka sun jawo hankalin duniya a kanta a 2005, da suka bayyana labarin marasa lafiya shida.

To, yaya aka yi mutumin da ya ci abinci ya ƙoshi sukarinsa zai faɗi? Ga yadda abin yake. Shi tumbi mai lafiya kamar rumbu ne mai 'yar ƙaramar ƙofa a ƙasa, yana riƙe abinci yana sakinsa cikin hanji kaɗan-kaɗan, har tsawon awoyi. Bayan tiyata, ko dai an kewaye ƙofar, ko kuma abinci ba ya daɗewa a bakinta. Saboda haka in mutum ya sha koko mai sukari ko ya ci farar shinkafa, gaba ɗaya suke zuba cikin hanji, sukari ya kwarara cikin jini a lokaci guda, har ya kan haura 200 a mitar awo cikin ƙasa da awa ɗaya. Hanji kuma sai ya saki wani sinadari da ake kira GLP-1 da yawan gaske, shi kuma ya zaburar da fankiriyas, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin. Aikin insulin shi ne kwashe sukari daga jini.

Mu 'yan kasuwa ne, bari mu kawo misali daga kasuwa. A ce tireloli goma na albasa sun shigo lokaci guda, sarkin kasuwa ya ruɗe ya kira 'yan dako ɗari biyu. Kafin ka ce kwabo sun sauke kayan, amma ba su tsaya ba, suka shiga kwashe har kayan masu rumfa. Haka insulin yake yi. Sukarin abincin ya ƙare, shi kuwa yana nan da yawa a jini yana ta kwasa, sai sukarin ya faɗi ƙasa da abin da ƙwaƙwalwa take buƙata.

Wannan shi ne ƙashin bayan jawabinmu, don Allah a riƙe shi: a wannan lalura, sukarin da aka sha ɗazu shi ne ya kawo faɗuwar sukarin yanzu. Kwalbar maltar da aka ba ɗan'uwanmu ta tashe shi, kuma ita ce ta sake kayar da shi kafin la'asar.

Yadda ake gane ta

Lokaci shi ne babbar alama. Tana zuwa ne tsakanin awa 1 zuwa 3 bayan cin abinci, kuma galibi ba ta farawa sai tiyata ta kai shekara ɗaya ko fiye. Alamomin farko su ne gumi mai sanyi, karkarwa, bugun zuciya, jiri, da wata irin yunwa mai tsanani. In ta yi nisa sai gani ya dushe, magana ta harɗe, mutum ya rikice ko ya yi ta faɗa babu dalili, daga nan sai suma ko jijjiga irin ta farfaɗiya.

Kada a haɗa ta da wani abin da kan faru minti 10 zuwa 30 bayan cin abinci, inda mutum zai ji murɗar ciki, tashin zuciya, gudawa da bugun zuciya. Wancan ruwan jiki ne yake tururuwa zuwa cikin hanji, sukari bai faɗi ba tukuna, ko da yake irin abincin da ke kawo wannan shi ke kawo wancan.

Likitoci suna tabbatar da ita da sharuɗɗa uku da wani likita, Allen Whipple, ya shimfiɗa tun 1938: a ga alamomin, a auna a ga sukari ya yi ƙasa a daidai lokacin, sa'an nan a ga alamomin sun tafi da aka ɗaga sukarin. Saboda haka duk wanda aka yi wa wannan aiki ya mallaki mitar awon sukari. In mita ta nuna ƙasa da 70, an shiga gargaɗi. In ta nuna ƙasa da 54, abin ya yi tsanani. Masu mitar da ke lissafi da ƙananan lambobi, nasu 3.9 ne da 3.0. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta abin da aka ci, da lokacin, da abin da mita ta nuna. Mako biyu na wannan rubutu zai nuna wa mutum abincin da ke kayar da shi, kuma zai sauƙaƙa wa likita aiki.

Wani gargaɗi kuma. In sukari yana faɗuwa ne da asuba kafin a ci komai, ko tun makonnin farko bayan tiyata, to a hanzarta zuwa asibiti, domin mai yiwuwa dalilin daban ne. Sau da yawa maganin ciwon sukari ne ko allurar insulin da mutum ya ci gaba da yi kamar da, alhali jikinsa ya daina buƙatar wannan adadi. Wani lokaci kuma ɗan ƙari ne a fankiriyas.

Tsarin cin abinci

Maganin farko, kuma mafi girma, yana cikin tukunya. Cibiyar Joslin ta masu ciwon sukari da ke birnin Boston ta fitar da wani tsari a 2017 wanda likitoci da yawa ke bi, mu kuma mun zauna mun juya shi zuwa abincin da muke ci a nan Kurmi.

Na ɗaya, a ƙayyade sitaci da sukari. Kada su wuce giram 30 a babban ci, giram 15 a ɗan taɓa-ka-lashe. Ba kowa ke da sikeli ba, to ga ma'auni: dafaffiyar shinkafa cikin gwangwanin madara ɗaya ta kai kusan giram 30. Yankan burodi ɗaya siriri kusan 15 ne. Ƙananan dabino uku kusan 15. Ita kuwa ƙaramar kwalbar lemo ita kaɗai ta haura giram 35, kuma da yake ruwa ce, a guje take wucewa.

Na biyu, a zaɓi sitacin da ke narkewa a hankali. Wake shi ne sarki a nan, da gurjiya, da alale, da ƙosai. Masu saurin narkewa su ne farin burodi, farar shinkafa, tuwon shinkafa, teba, sakwara, agidi, fanke da cincin. Waɗanda suka fi kowanne haɗari su ne na sha: koko da kunu masu sukari, fura da aka dama da sukari, zoɓo mai zaƙi, jiƙaƙƙen gari, malta, ruwan 'ya'yan itace na kwali, da shayin mai shayi da aka cika wa madara mai zaƙi. Zuma ma sukari ce, kada a ce ai ta gargajiya ce. Mun san masu son amala za su tambaya. Ba mu haramta ta ba, amma malmalar ta koma kamar ƙwan kaza, miyar lalo ko kuɓewa da kifi su fi ta yawa.

Na uku, kada a ci sitaci shi kaɗai. Kowane ci a haɗa shi da abinci mai gina jiki da ɗan maiƙo, kuma a fara da su kafin a taɓa tuwon: ƙwai, kifi, kaza, nama, awara, kindirmo marar sukari, gyaɗa, ƙuliƙuli, fiya. Su ne ke rage wa sitaci gudu. Wanda aka yi wa tiyata yana buƙatar aƙalla giram 60 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, nama ko kifi girman tafin hannu yana da 20 ko fiye. Ganye kuma, irin su zogale, alayyahu, rama da kabeji, a yawaita.

Na huɗu, a raba cin sau biyar ko shida a rana, tsakanin kowane biyu awa 3 zuwa 4. Al'adarmu ta 'yan kasuwa, a wuni a kan goro da ruwa sai dare a zauna gaban babban kwano, ita ce mafi muni ga mai wannan lalura.

Na biyar, a raba ruwa da abinci. Kada a sha komai lokacin da ake ci, a bari sai bayan aƙalla minti 30. Ruwa yana wanke abincin ya tura shi hanji da sauri. A tauna sosai, a ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan ɗan abin da ke cikin kwanon. Sannu ba ta hana zuwa.

Na shida, kofi da shayi mai kauri suna tayar wa wasu da abin, haka ma goro, domin sinadarin da ke cikinsu ɗaya ne. Fataken goro su yi mana afuwa, ba mu zo karya kasuwa ba, waɗanda aka yi wa tiyata kawai muke cewa su rage su duba littafinsu. Giya kuwa tana hana hanta samar da sukari, saboda haka haɗarinta ninki ne.

Na bakwai, magungunan ƙarin jini, da bitamin B12, da bitamin D, da kalsiyam da likita ya rubuta, na har abada ne. Ba a ajiye su don an ji sauƙi.

Ga misalin wuni guda. Da safe ƙwai biyu da yankan burodi ɗaya, ko ƙosai uku ba koko, bayan rabin awa a sha shayi marar kauri ba sukari. Da hantsi gyaɗa cikin tafin hannu. Da azahar 'yar amala ko ɗan tuwon dawa da miyar kuka da kifi. Da la'asar awara ko tsire tsinke biyu. Bayan magariba wake da manja da kwaɗon zogale. In da buƙata, kafin barci a ɗan sha kindirmo.

In abin ya zo

In alamomi sun taso, a zaunar da mutum a auna. In ƙasa da 70 ne kuma yana cikin hayyacinsa, a ba shi giram 15 na sukari kawai, wato ƙwayar sukari uku, ko garin gulukos da ake sayarwa a kemis. A jira minti 15 a sake aunawa. In bai tashi ba a maimaita. In ya tashi, a bi shi da ƙwai ko gyaɗa ko awara don kada ya sake faɗuwa. Kuskuren da muke yi shi ne tausayi ya sa mu ɗura masa kwalba guda, mu ƙara da burodi. Wannan sabon zagaye muka ɗaura, kuma a hankali ƙibar da aka kashe dukiya don a rabu da ita sai ta dawo.

In kuwa ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a zuba masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, kuma a gaya wa likita tun daga ƙofa cewa an yi masa tiyatar rage ƙiba. Akwai allurar gulukagon ta gaggawa da likita kan rubuta wa wanda abin ke yi wa tsanani, a koya wa mutanen gida yadda ake yin ta.

Azumi, tuƙi da juna biyu

Hukuncin azumi na malamai ne, ga su nan zaune. Namu shi ne mu faɗi abin da jiki ke yi. Haɗarin ya fi yawa a buɗa-baki, domin abin da muka saba shi ne dabino, kunu, kankana, lemo, duk a kan ciki wayam, sai mutum ya yanke jiki ana cikin tarawihi. Mai wannan lalura ya fara da ruwa yana kurɓa a hankali, ya je ya yi salla, sa'an nan ya ci ƙwai ko kifi ko alale, in ya so dabino ɗaya a kai. Ya raba abincin dare kashi uku ko huɗu, sahur ya zama wake ko ƙwai. In da rana mita ta nuna ƙasa da 70, shawarar likitoci ita ce a sha ruwa. Wanda kuwa bai daɗe da tiyata ba, ya ga likitansa tun cikin Sha'aban.

Direbobinmu da 'yan acaɓa, kada a hau titi cikin awoyin nan uku na bayan cin abinci sai an auna. A ajiye ƙwayar sukari da gyaɗa a mota. Ku sani in abin ya yawaita, jiki yana daina ba da gargaɗi, babu gumi babu karkarwa, sai dai kawai a faɗi.

Iyayenmu mata, wadda aka yi wa aikin kewaye kuma ta sami juna biyu, ta faɗa a wajen awo. Gwajin nan da ake ba mai ciki ruwan gulukos ta shanye bai dace da ita ba, akwai wata hanyar da za a bi a auna ta.

In an bi tsarin abinci sosai abin bai lafa ba, akwai magani. Na farko da aka fi bayarwa shi ne akarbos, ana shan sa da lomar farko, yana rage saurin narkewar sitaci, sai dai yana kawo kumburin ciki da iska. Mai shan sa in sukarinsa ya faɗi gulukos zalla za a ba shi, domin maganin yana tare narkewar sukarin shayi. Akwai wasu magungunan bayansa, da kuma 'yar na'urar da ake mannawa a dantse tana awo dare da rana. Duk wannan aikin likita ne. Ga Asibitin Koyarwa na UCH nan kusa da mu, akwai likitocin ciwon sukari da masana abinci. A tafi da takardun da aka dawo da su daga inda aka yi tiyatar, da littafin nan na rubutu.

Daga ƙarshe, roƙonmu ga jama'a ne baki ɗaya. Mu mutane ne masu karamci, in baƙo ya ƙi cin abincinmu sai mu ga kamar raini ne. To, in ɗan'uwa ya ci loma uku a wajen biki ya ture kwano, ko ya ce ba ya shan lemo, a ƙyale shi, kada a ce girman kai ne ko yana zargin an sa masa wani abu. Masu girki a gida, ku ne likitocin farko, domin abin da kuka sa a kwano shi za a ci. Shi kuma wanda aka yi wa aikin ya daina ɓoyewa. Aƙalla matarsa ko mijinta, da yaron shago, da abokin tafiya, su san abin da za su yi in ya rikice. Ɗan'uwanmu da muka ba ku labarinsa, tun da ya bar koko da malta ya koma ƙwai da wake, ya raba cinsa shida, yau wata da yawa ke nan abin bai sake kayar da shi ba, kuma yana cikin zauren nan yana jin mu.

Mai tambaya yana iya samun 'yan kwamiti bayan an tashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya.